Baitulmali da Kwalba: Tarihin Kantunan Barasa na Gwamnati a Turai da Amurka

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tana kwanciya a ƙasashen arewacin Turai da Rasha da Amurka da Kanada, yau fiye da shekara 150 ke nan. Gardamar kuwa ita ce ta wanda ya kamata ya tsaya a kanti ya miƙa wa mashayi kwalbar barasa ya karɓi kuɗinsa: ma'aikacin gwamnati mai cin albashi, ko kuwa ɗan kasuwa mai neman riba. Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda shari'ar Musulunci ta riga ta yanke hukunci a kan giya tun ba a kai ga zancen mai sayar da ita ba, wannan tambaya tana iya zama kamar ba ta da wani amfani. Amma ga ɗalibin tarihi da na sha'anin mulki tana da amfani ƙwarai, domin a cikinta ake ganin abin da yakan sami hukuma idan ta ɗaura aniyar rage wani abu, alhali kuwa daga abin nan take samun kuɗin biyan soja da ma'aikata.

Kafin a shiga cikin labarin ya kamata a bambance kalmomi biyu. Inda aka ce giya, ana nufin duk wani abin sha mai sa maye. Inda aka ce barasa kuwa, ana nufin mai ƙarfin nan da ake tacewa ta hanyar tururi, irin su wuski da jin da bodka, kuma a kanta ne yawancin rigimar ta tsaya.

Mutanen da suka fara ƙago kantin hukuma sun yi haka ne don su raba mai sayarwa da kwaɗayin riba, a kan tunanin cewa wanda ba ya ƙaruwa da kome idan an sayi kwalba ta biyu ba zai tallata ta ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne kwaɗayin nan bai mutu ba, mazauni kawai ya sake, ya tashi daga aljihun mai mashaya ya koma baitulmali. Har ila yau a wuraren da aka zo aka sayar wa 'yan kasuwa da kantunan, baitulmali bai taɓa sakin rabonsa ba.

Asalin dabarar

A farkon ƙarni na 19 ƙasar Suwidin tana cikin ƙasashen da suka fi yin ƙaurin suna wajen sha. Manomi yakan dafa tasa barasar a gida daga dankali ko hatsi, har akan biya ɗan ƙodago wani ɓangare na ladansa da ita. A 1855 aka yi dokar da ta tsananta sharuɗɗan dafawa da sayarwa, a 1860 kuma aka hana dafawar gida ɗungum. To, sai tambaya ta taso, ita barasar da masana'antu suke dafawa, ta hannun wa za ta isa ga jama'a?

Amsar farko ta fito ne daga Falun, garin masu haƙar jan ƙarfe, inda a 1850 masu ma'adinai suka kafa kamfani guda ya karɓi sayar da barasa, saboda hatsarin da sha yake jawowa a cikin ramuka. Amma garin da dabarar ta ci sunansa shi ne Gothenburg, babbar tashar jiragen ruwa ta yammacin ƙasar. A 1865 waɗansu manyan garin suka kafa kamfani, hukumar gari ta danƙa masa lasisin mashayun barasa. Sharuɗɗan kaɗan ne, amma kowane da abin da yake tarewa. Masu hannun jari ba za su karɓi abin da ya wuce kashi 5 cikin 100 na jarinsu a shekara ba, rarar duk ta jama'a ce. Mai kula da mashaya albashi yake ci, ba shi da ko anini a cinikin barasa, amma yana da riba a abinci da abin sha marar maye. Ba a ba da bashi, ba a karɓar jingina, ba a sayar wa yara ko wanda ya riga ya bugu. Watau an juya sha'awar mai sayarwa, ya zama ya fi son ya ga mutum ya sayi miya da burodi da a ce ya ƙara kofi.

Dabarar ta bazu cikin Suwidin, ta shiga Nowe a 1871, mutanen Ingila da Amurka kuma suka riƙa zuwa kallo suna rubuta rahoto. Ba a daɗe ba kuwa aibinta ya fito. Rarar da aka hana ɗan kasuwa tana shiga asusun gari ne, garuruwa suka saba da ita, suka riƙa yin ayyuka da ita maimakon ƙara wa masu dukiya haraji. Masu yaƙi da sha suka ce an gudu ba a tsira ba, don dā mai mashaya ne kaɗai yake addu'ar ciniki ya yi kyau, yanzu kuwa har da majalisar gari. Mutanen Nowe sun hangi wannan rami tun da wuri, suka tsara cewa rarar ta tafi ga ayyukan alheri waɗanda ba wajibin hukumar gari ba ne, don kada kasafin gari ya dogara da ita.

Mataki na biyu a Suwidin wani likita ne ya kawo shi, Ivan Bratt na birnin Stockholm. Shi nasa ganin, bai isa a tsare mai sayarwa ba, sai an ƙidaya wa mai saye. Daga 1914 a Stockholm, sa'an nan a ƙasa duka bayan 'yan shekaru, ba mai sayen barasa sai da wani ɗan littafi da ake buga wa hatimi duk sa'ad da ya saya, kuma kowa da iyakar litar da aka yanka masa a wata. Hukuma ce take duba halin mutum da samunsa kafin ta ba shi littafin, matan aure kuwa ba a ba su. Mutane sun ƙi jinin wannan littafi, amma shi ne ya tsare ƙasar daga hani na gaba ɗaya, domin a ƙuri'ar raba gardama ta 1922 masu son a haramta giya sun sami kashi 49 cikin 100, masu ƙi suka sami 51. Littafin ya zauna har 1955, shekarar da aka soke shi aka haɗe kamfanonin garuruwa suka zama kamfani ɗaya na gwamnati, Systembolaget, wanda har yanzu shi ke riƙe da kantunan barasa na ƙasar.

Abin lura game da wannan kamfani shi ne yadda yake ciniki kamar mai jin kunyar hajarsa. Ba ya buɗewa ran Lahadi, daga 1982 zuwa 2001 ma yawancin kantunansa ba sa buɗewa ran Asabar. Ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba, ba ya yin rangwame ga mai sayen da yawa, ba ya sanyaya giya don kada a sha ta a bakin ƙofa. Da Suwidin ta shiga Tarayyar Turai a 1995 sai ta saki ikon da gwamnati take da shi ita kaɗai na dafawa da shigowa da sari, amma ta riƙe kantuna, kotun Tarayyar kuma ta amince mata a 1997. A 2008 ta sayar da kamfaninta mai yin bodkar Absolut ga wani kamfanin Faransa. Suwidin ta taɓa gwada sassauci, ta bar kantunan abinci su sayar da giya mai matsakaicin ƙarfi daga 1965, ta ga yadda sha ya ƙaru musamman a cikin samari, ta janye a 1977. Maƙwabciyarta Finlan ta yi irin wannan sassauci a 1969, cikin shekara guda abin da ake sha ya ƙaru da kusan rabi.

Rasha

Idan Suwidin ce misalin inda dabarar ta riƙe amanarta gwargwado, to, Rasha ce misalin inda baitulmali ya haɗiye ta. A can ba sabon abu ba ne sarki ya ci daga bodka. Tun ƙarni na 16 akwai mashayun sarki, mai tsaron mashaya yakan sumbaci gicciye ya rantse zai kawo kuɗin sarki cif. Daga baya aka koma sayar da ikon cinikin kowane lardi ga attajirin da ya fi tayi, shi kuma ya je ya fanshe kuɗinsa a jikin talakawa, ya tsuga farashi ya kuma surka bodkar da ruwa. A 1858 da 1859 ƙauyuka masu yawa suka yi rantsuwa sun daina sha saboda tsada da ha'inci. Abin da hukuma ta yi ya isa a tsaya a yi tunani a kansa, domin hana irin wannan rantsuwa ta yi, da rikici ya ɓarke kuma ta tura soja. Talaka ya bar giya don kansa, gwamnatinsa ta ɗauki abin a matsayin ɓarna ga asusunta.

A 1863 aka soke wannan tsari aka koma karɓar haraji daga masu dafawa, ciniki ya zama na kowa. Bayan shekara talatin sai Sergei Witte, ministan kuɗi daga 1892 zuwa 1903, ya mai da cinikin hannun gwamnati. An yi dokar a 1894, aka fara da larduna huɗu na gabas a 1895, watau Perm da Ufa da Orenburg da Samara, kafin 1902 tsarin ya game mafi yawan daular. Hujjar da aka bayar irin ta Gothenburg ce. Mai kantin gwamnati albashi yake ci, kwalba a rufe take da hatimi, ƙarfinta sananne, ba bashi, ba jinginar garma ko rigar sanyi, kuma ba a zama a sha a kanti. Har aka kafa kwamitocin hana sha da kuɗin gwamnati, suna buɗe gidajen shan shayi da ɗakunan karatu.

An sami gyara ta wajen tsabtar abin da ake sha, wannan ba a musunsa. Amma da yake an hana zama a kanti, sai mutum ya fito ya fasa hatimi a bakin titi ya ɗaga kwalba ya shanye nan take, ba abinci ba hira. Babbar matsalar kuwa tana can ofishin ministan kuɗi. Daular tana shimfiɗa dogo zuwa Saiberiya, tana gina masana'antu, tana biyan bashin Faransa, ta kuma yi yaƙi da Jafan a 1904 da 1905 ta sha kashi. Duk waɗannan kuɗi suke ci, bodka kuwa ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Kafin 1913 fiye da rubu'in kuɗin shigar gwamnati daga gare ta yake fitowa, har 'yan majalisa da 'yan jarida suka laƙaba wa kasafin ƙasar sunan kasafin maye. Shi kansa Witte, bayan ya bar kujera, ya tashi a majalisar daula yana sukar magajinsa Kokovtsov cewa ya mai da tsarin hanyar tatsar jama'a. Mai karatu yana iya tambaya ko akwai ranar da tsarin bai zama haka ba.

A farkon 1914 Sarki Nicholas na Biyu ya sauke Kokovtsov, ya umurci sabon minista Peter Bark da ya nemi hanyar da arzikin baitulmali ba zai rataya a kan lalacewar talakawa ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a wannan shekara, aka rufe kantunan don a tara soja cikin natsuwa, sa'an nan aka ce rufewar za ta zarce har ƙarshen yaƙi. Niyyar ba ta da laifi, lokacin ne ya zama mafi muni. Daular ta yar da rubu'in kuɗinta a daidai ranar da ta shiga yaƙin da ya fi kowane tsada a tarihinta, ta koma cin bashi da buga takardun kuɗi, farashin abinci ya yi sama, manoma suka ga ya fi musu riba su dafa hatsinsu a ɓoye da su kai shi birni. Ba a cewa wannan kaɗai ya kawo juyin 1917, amma yana cikin itacen da aka zuba wa wutar.

'Yan gurguzu da suka karɓi mulki sun zo da alkawarin ba za su yi cinikin bodka ba. A 1925 suka buɗe kantunan, Stalin kuma ya faɗa wa baƙi 'yan ƙodago a 1927 cewa zaɓi biyu ne gare su, ko bodka ko miƙa wuya ga masu jarin ƙasashen waje. Haka aka tafi shekara sittin. A 1985 Gorbachev ya rage dafawa da kantuna da sa'o'in ciniki, mace-macen maza suka ragu a fili, amma kasafi ya sami babban giɓi, sukari ya ɓace daga kasuwa saboda masu dafawar ɓoye, kafin 1988 an sassauta. Sa'an nan a 1992 Yeltsin ya soke ikon gwamnati a kan bodka baki ɗaya. Barasa mai arha ta kwararo daga waje, kowace rumfa a bakin titi ta zama kanti dare da rana, jabu ya cika gari. Matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha, wanda ya kusa shekara 65 a 1987, ya faɗo ƙasa da 58 a 1994. Rushewar tattalin arziki da ta asibitoci suna da nasu hannu a cikin wannan, amma masu binciken mace-macen shekarun nan sun sa barasa a sahun gaba. An mai da dokar ikon gwamnati a 1993, sai dai a takarda ta tsaya. Cikin shekara ɗari Rasha ta gwada kantin sarki, ta gwada hani, ta gwada sakin kasuwa, ba wanda bai bar mata tabo ba.

Kafin a ƙetara zuwa Amurka ya kyautu a ɗan ratsa Afirka, domin dabarar ta zo nan ma, amma da wata fuska. A 1908 aka yi doka a Natal ta Afirka ta Kudu wadda ta ba hukumomin gari ikon su kaɗai su dafa giyar dawa, irin burkutu, su sayar wa baƙar fata. Birnin Durban ne ya fara, ya gina manyan rumfunan sha, ya hana matan da suke dafawa suna ciyar da 'ya'yansu da sana'ar. Ribar kuwa da ita aka riƙa gina barikokin lebura da biyan ma'aikatan da suke tsare su, watau baƙar fata ya biya kuɗin takura masa da bakinsa, ba tare da an taɓa aljihun Bature ba. Garuruwa da yawa na kudanci da gabashin Afirka suka kwaikwaya. Saboda haka ne aka ƙaurace wa rumfunan Durban a 1929, mata kuma suka far musu a unguwar Cato Manor a 1959. Wannan ya isa nuna cewa kasancewar kanti a hannun hukuma ba ya nufin yana hannun jama'a.

Amurka

A Amurka ma zancen giya bai taɓa rabuwa da zancen haraji ba. Wajen 1910 kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin gwamnatin tarayya daga harajin giya yake zuwa, don haka ba yadda za a yi a haramta ta. Sai da aka halatta harajin samu a 1913 tukuna hanya ta buɗe, aka yi wa tsarin mulki gyara na 18, hani ya fara aiki a Janairun 1920. Da tattalin arziki ya karye a 1929, harajin samu ya ƙafe, sai aka tuna da tsohuwar saniyar tatsa. Ran 5 ga Disamba 1933 gyara na 21 ya soke hanin, ya bar wa kowace jiha ta tsara nata.

Ba wanda yake son a koma gidan jiya, zamanin da kamfanin giya yake mallakar mashaya, ya ɗora wa mai tsaronta adadin da zai sayar, a ba mutum abinci mai gishiri kyauta don ƙishirwa ta kama shi. Attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, wanda bai taɓa sha ba, ya kuma daɗe yana ba masu yaƙi da giya kuɗi kafin ya sallama a 1932 cewa hanin ya gaza, shi ya ɗauki nauyin wani bincike da Raymond Fosdick da Albert Scott suka yi. Sun duba tsarin Suwidin da na lardunan Kanada, suka ba da shawara cewa jiha ta riƙe cinikin barasa da kanta, suka kuma yi gargaɗi kada a mai da neman kuɗin shiga ya zama shi ne manufa. Yawancin jihohi suka zaɓi ba da lasisi ga 'yan kasuwa, waɗansu suka bi shawarar. Yau jihohi 17 ne suke riƙe da cinikin, waɗansu a matakin sari kawai, waɗansu har kanti.

A cikinsu ba wadda labarinta ya kai na Pensilbaniya. Gwamnanta a 1933, Gifford Pinchot, maƙiyin giya ne na gaske, bai so a soke hanin ba. Da ya ga ba makawa, sai ya kira majalisa zaman gaggawa, aka kafa hukumar kula da barasa a ƙarshen Nuwamba, kantuna suka buɗe a farkon Janairun 1934. Kantunan farko ba su da abin jan ido. Kwalabe suna can baya, mai saye ya faɗi abin da yake so, akawu ya ɗauko masa, kuma ba aikin akawu ba ne ya yaba wata haja.

Ba a yi shekara uku ba baitulmali ya sa hannu. A watan Maris na 1936 ambaliya ta ci garin Johnstown, majalisa ta ɗora harajin wucin gadi na kashi 10 cikin 100 a kan kowace kwalba don taimakon waɗanda abin ya shafa. An gyara garin, an gama, haraji bai tashi ba. A 1963 aka mai da shi kashi 15, a 1968 kashi 18, kuma har yau ana karɓarsa, yana shiga babban asusun jiha, mutane suna kiransa harajin ambaliyar Johnstown. Tsakanin wannan haraji da ribar kantuna wajen 600, jihar tana samun ɗaruruwan miliyoyin daloli kowace shekara. Hukumar da aka kafa don ta sa saye ya yi wuya sai ga ta tana ƙawata kantuna, tana talla, tana buɗe waɗansu ran Lahadi tun daga 2003. A 2010 har ta kafa waɗansu injuna a kantunan abinci, mutum ya sa katin shaidarsa, ya dubi kyamara, ya hura iska a gwada ko ya sha, kana injin ya saki kwalbar ruwan inabi. Injunan suka yi ta lalacewa, aka kwashe su a 2011. A cikin wannan injin kaɗai ana iya ganin hukuma mai zuciya biyu, hannu ɗaya yana miƙa kwalba, ɗaya yana janyewa.

Masu son a sayar da kantunan suna kafa hujja da wannan zuciya biyu. Suka ce wanda yake ciniki ba ya iya zama alƙalin cinikin, kuma lalle a 1987 an ɗauke aikin kama masu karya dokar giya daga hukumar an ba 'yan sandan jiha. Suka ce tsada ta sa mutanen Filadelfiya suna ƙetarawa jihohin maƙwabta su sayo, kuɗin ya tafi can. Gwamnoni uku na jam'iyyar Rifablikan, Dick Thornburgh da Tom Ridge da Tom Corbett, kowanne ya yi yunƙurin sayarwa, kowanne ya kasa. Waɗanda suka tare su kuwa taron da ba a saba gani ba ne: ƙungiyar ma'aikatan kantunan masu tsoron rasa aiki da fansho, da 'yan majalisar Dimokurat, da masu addini na karkara da ba sa son kanti a kowace kusurwa, da dillalan giya da suke jin daɗin tsarin yadda yake. Bayan su duka kuma akwai lissafin da ba ya canzawa, cewa kuɗin sayarwa sau ɗaya ake karɓa, riba kuwa kowace shekara take zuwa. A 2015 majalisa ta zartar da dokar sayarwa, Gwamna Tom Wolf ya ƙi sa hannu. A 2016 aka daidaita a tsakiya, aka bar kantunan abinci masu lasisi su sayar da ruwan inabi kaɗan kaɗan, kwalaben wuski da bodka suka zauna a kantin jiha.

Abin da Pensilbaniya ta kasa, jihar Washinton da ke can gaɓar yamma ta yi shi, don haka a wurinta ake duba abin da sayarwa take haifarwa. A wannan jiha jama'a suna iya yin doka kai tsaye ta hanyar ƙuri'a. A 2010 aka kawo shawara biyu na sayar da kantunan, duka suka faɗi, saboda tsoron kowane gidan mai zai koma kantin barasa, da kuma tsoron asarar kuɗin jiha. Masu neman canji suka koma suka gyara takardarsu daidai da waɗannan tsoro biyu. Suka sa sharaɗin cewa, ban da tsofaffin kantunan da 'yan wurare kaɗan, sai kanti mai faɗin murabba'in ƙafa 10,000 zai sami lasisi. Suka kuma ɗora sabon kuɗi na kashi 17 cikin 100 a kan cinikin mai kanti, da kashi 10 a kan na mai sari a shekarun farko, bisa tsofaffin harajin da ba a taɓa ba. Kamfanin manyan kantuna na Costco, wanda hedkwatarsa take jihar, ya kashe fiye da dala miliyan 22 wajen neman ƙuri'a, abin da ba a taɓa gani ba a jihar. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane wanda sharaɗin faɗin kanti ya yi wa daɗi. A Nuwamban 2011 shawarar ta ci da kusan kashi 59 cikin 100, ran 1 ga Yuni 2012 kuma ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa.

Wuraren sayar da barasa suka tashi daga 330 ko kusa da haka zuwa fiye da 1,400, sa'o'in ciniki suka ƙaru, ɗaruruwan ma'aikatan jiha suka rasa aiki, masu manyan kantuna suka fara kukan satar kwalabe. Bala'in da masu adawa suka yi ta hasashe bai zo da girman da suka faɗa ba, domin abin da ake saye ya ƙaru ne kaɗan. Dalilin kuwa shi ne arhar da aka yi wa mutane alkawari ita ma ba ta zo ba. Jiha ta riƙe rabonta har ta ƙara, mai sari ya ɗora nasa, mai kanti ya ɗora nasa, farashin kwalba ya hau, harajin barasa na Washinton ya zama mafi tsada a Amurka duka. Mazauna bakin iyaka suka riƙa tuƙa mota suna ƙetarawa Oregon da Idaho don su sayo da sauƙi, jihohi biyu waɗanda har yanzu gwamnati ce take riƙe da cinikin barasa a cikinsu.